Ɗana Likita, Ka Zauna da Tambaya Ɗaya

Ɗana Likita,

 Takardun da ka aiko sun iso, na kuma karanta su tun daga farko har ƙarshe, har da wadda ka ce kada in wahalar da idona a kanta. Ka nemi in duba maka Turanci da lissafi. Turancinka ba ya bukatar gyarana, lissafin ma babu laifi. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne, kuma da yake ni baffanka ne tun kafin in zama malaminka, ba zan ɓoye maka ba.

Ga abin da na tarar a cikin ambulan ɗin. Akwai kundin bincikenka na kammala ƙwarewa a fannin yara, wanda ka fara a kan yaran da ake kwantarwa da tamowa mai tsanani, ya tsaya cak a babi na uku. Akwai takarda a kan yadda ɗaliban likitanci ke karatu ta waya. Akwai wata a kan dukan yara a firamare, wata a kan iyayen da ke miƙa wa ƙananan yara waya don su yi shiru, ga kuma shirin tarbiyya da kake gabatarwa a rediyo duk mako. Ka ce shugaban sashenku ya kira ka ya ce maka taura biyu ba ta taunuwa, ka zaɓi ɗaya ka watsar da saura, kai kuma ranka ya ɓaci, kana ganin bai fahimce ka ba. Yanzu so kake in goyi bayanka.

A wani ɓangaren ina bayanka. Likitan yaran da idonsa ya tsaya a ƙofar asibiti bai gama sanin aikinsa ba, domin ciwon yaro daga gida yake tasowa, can kuma yaron zai koma. Magabatanmu a wannan sana'a sun san haka. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, bai tsaya ga zazzaɓi da haɗa magunguna ba a babban littafinsa na likitanci da Gabas da Turai suka yi ƙarnoni suna karantawa. Ya yi bayanin shayarwa da wankan jariri, da jijjiga shi a hankali, da yi masa waƙar rarrashi, har ya kai ga cewa idan yaro ya shekara shida a miƙa shi ga malami, a kuma bi da shi sannu-sannu. Maria Montessori, wadda yau ake liƙa sunanta a allon makarantun kuɗi ko'ina, likita ce. Ta gama karatun likitanci a birnin Rum a 1896, ta yi aiki da yara masu raunin ƙwaƙwalwa da aka tara a gidan masu taɓin hankali, cikin ɗakin da babu ko abu ɗaya da za su taɓa. Masu kula da su na ƙorafin cewa yaran suna bin ɓurɓushin burodi a ƙasa bayan an gama ci. Ita kuwa sai ta lura hannayensu ne ke neman abin yi. Daga nan hanyarta ta miƙe har ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar talakawa ta San Lorenzo a 1907. A nan Najeriya ma, a 1979 John Caldwell ya yi amfani da alƙaluman Ibadan da kewaye ya nuna cewa karatun uwa na cikin manyan abubuwan da ke raba yaron da zai rayu da wanda zai mutu. To wa zai ce makaranta ba ta shafi likita ba?

Amma ɗana, shugaban sashenku ya ga wani abu na gaskiya, ko da bai faɗe shi yadda zai shiga kunnenka ba. Waɗannan mutane da kake son koyi da su, sha'awarsu ta yi faɗi ne saboda tambaya ɗaya ta ja su daga wuri zuwa wuri. Kai kuwa tambayoyinka kowacce zaman kanta take yi, kuma babu wadda ka zauna da ita har ta ba ka amsa.

Bari in daɗe a kan mutum ɗaya, domin a ƙasar nan ya yi aikinsa, kuma kana amfani da kayansa kullum. David Morley, likitan yara daga Ingila, ya zo asibitin Wesley Guild da ke Ilesha a 1956. Ya ga yara na zuwa a makare, a yi musu magani, su koma gida, su dawo da ciwon da ya fi na da, ko kuma a ji labarin rasuwarsu. Tambayarsa guda ce: me ke kashe yaran ƙauye kafin su shekara biyar, kuma me za a iya yi da ɗan abin da ke hannu? Sai ya zaɓi ƙauye ɗaya, Imesi-Ile, shi da wata nas mai suna Margaret Woodland da ma'aikatan garin, suka riƙa bin yara sama da 400 tun daga haihuwa, wata bayan wata, ana auna su, ana rubuta kowane tari da kowace gudawa. Aiki ne mai gundura, babu taro, babu tafi. Amma a cikinsa ne ya ga yadda ƙyanda ke kayar da yaro, ta zubar masa da nauyi, ta bar shi a bakin tamowa, alhali littattafan da ya karanta a Ingila suna ɗaukarta ciwo mai sauƙi. Wannan ne ya kai shi ga shiga gwajin allurar rigakafin ƙyanda a farkon shekarun 1960, lokacin allurar tana sabuwa fil. A cikinsa ne kuma ya tsara asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar, inda nas da mataimakanta ke duba yawancin yaran, a yi awo da rigakafi da magani da wa'azin abinci a zama ɗaya, kada uwa ta yi ta zarya. Mace-macen yara a garin ya ragu ƙwarai.

Katin awon da kake cikewa a gaggauce, daga can ya fito. Ka ɗauki ɗaya ka dube shi da kyau. Watanni a ƙasa, nauyi a gefe, layuka biyu sun tashi sama, hanya a tsakaninsu. Hikimar ita ce ba inda ɗigon yau ya faɗa ake dubawa kawai ba, ana duban inda layin ya dosa: yana hawa, ya kwanta, ko ya fara gangarowa. Morley ya dage cewa katin na uwa ne, ta tafi da shi gida cikin leda, ba na ma'ajiyar asibiti ba. Na sha ganin matan da ba su taɓa shiga aji ba suna kwance bakin zane, ko su ce katin yana cikin kwalla tare da kayan ɗakinsu, su kawo shi tsaf babu ko ɗigon mai. Na ga wata ta ɗora yatsa a inda layin ya kwanta ta ce mini, nan ne aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa. Ba ta iya karanta suna a katin ba, amma ta karanta ɗanta. Ka ga a nan likita ya riga ya zama malami, ya kuma shiga maganar raino, ba tare da ya bar tambayarsa ba.

Da ya koma Landan, wannan tambayar ce ta ci gaba da jan sa. Ya ga ma'aikatan lafiya a ƙauyuka ba su da littafi ko hoton koyarwa, sai ya kafa ƙungiyar TALC a 1965 don aika musu da su da arha. Ya tuna kuma wanda ke goyon jariri idan uwa ta tafi gona ko kasuwa: yayarsa ce 'yar shekara takwas ko tara, kamar yadda muke gani a kowane lungu na garuruwanmu. Idan ita ce mai raino rabin yini, me zai hana a koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari, da gane numfashin da ya yi sauri, da yi wa ƙaninta wasa? Amma Morley ya san koyar da 'yan firamare sana'a ce mai masu ita. Bai ce don yana likita ya san komai ba. Ya nemi Hugh Hawes, masanin harkar ilimi a Jami'ar Landan, suka kafa shirin Child-to-Child a 1978, gab da Shekarar Yara ta Duniya ta 1979, shirin ya bazu ƙasashe da dama. Wanda ya ga jerin ayyukan Morley daga nesa zai ce mutumin nan ya rarrabu: ƙyanda, sikeli, buga littattafai, manhajar firamare. Wanda ya matso kusa zai ga yaran Imesi-Ile ne yake bi har tsufansa.

Yanzu mu dawo kan takardunka. Uku daga cikinsu hanya ɗaya ka bi: ka ɗauko takardar tambayoyi da aka tsara a Amurka, ka fassara, ka raba wa mutane a layin jiran ganin likita ko a aji, ka tattara cikin mako biyu, ka zuba a kwamfuta. Ɗaya daga cikinsu ma ka biya kuɗi an buga maka a mujallar da ba na jin wani masani ya duba aikin kafin a karɓa. Na san dalili. Ƙarin girma a jami'a da yawan takardu ake ƙirga shi, abokan karatunka sun yi gaba, albashi kuma ba ya kai wata. Ban raina wannan matsi ba. Sai dai sunanka zai zauna a kan takardun nan har bayan ranka, kuma wata rana wani ɗalibi zai ɗauka ya gina a kansu yana zaton ƙasa ce mai ƙarfi.

Ka duba tambaya ta goma sha biyu a takardarka ta iyaye, inda ake tambayar uwa sau nawa take gaya wa ɗanta tana son sa, sau nawa take yabonsa a gaban mutane. Ka samu yawancin matan sun ce ba sa yi, sai ka rubuta cewa akwai ƙarancin shaƙuwa tsakanin uwa da ɗa. Haba ɗana! Kai ɗan fari ne. Ka taɓa jin mahaifiyarka ta kira sunanka? Ka taɓa ganin ta yi maka wasa a gaban surukanta? Amma wa ya sayar da awarwaronta da ɗan kunnenta shekarar da ka shiga jami'a? Alkunyar ɗan fari ba ta cikin lissafin wanda ya tsara tambayoyin nan, haka riƙo, haka yaye a ɗakin kaka, haka gidan da mata biyu ko uku ke raino tare, yaro ya ci a wannan ɗaki ya yi barci a wancan. Ba na cewa duk al'adarmu alheri ce ga yaro. Yayen da ake yi rana ɗaya, a raba yaro da nono da uwa a lokaci guda, ni da kai mun ga abin da yake jawowa a kan sikeli. Amma kafin ka yanke wa gidajenmu hukunci sai ka auna su da ma'aunin da ya san su, kuma ƙera wannan ma'auni shi kansa aikin shekaru ne da zai ishe ka suna.

Maganar rediyo ta fi damuna, domin can babu mai duba ka. Ina sauraronka, muryarka na da daɗi, mutane na son ka, mata a unguwarmu har cewa suke likita ya ce. Wannan kalma, likita ya ce, nauyi ne da ya kamata ya hana ka barci. Benjamin Spock likitan yara ne a Amurka, mutumin kirki mai son yara, littafinsa na raino da ya fito a 1946 an sayar da fiye da kwafi miliyan 50. Abubuwa da yawa a cikinsa sun sauƙaƙa wa iyaye rai. Amma a bugun da suka biyo baya, tun daga shekarun 1950, ya ba da shawarar a kwantar da jariri rub da ciki, bisa tunanin cewa idan ya yi tumbuɗi a rigingine zai shaƙe. Magana ce mai kama da hankali, likitoci da yawa ma haka suke faɗa, sai dai ba a gwada ta ba. Daga baya aka tabbatar kwanciyar rub da ciki na ƙara haɗarin mutuwar jarirai farat ɗaya cikin barci. Da aka yi gangamin komawa rigingine, a Ingila a 1991, a Amurka a 1994, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Wani nazari da aka buga a 2005 ya ƙiyasta cewa da an tattara hujjojin da ke hannu tun 1970, da an kauce wa rasuwar jarirai aƙalla 50,000 a Turai da Amurka da yankin Ostireliya. Ba mugunta ta jawo wannan ba, kyakkyawar niyya ce da farar riga. Don haka idan mai sauraro ya bugo waya ya tambaye ka shekarun da ya dace a fara yi wa yaro horo, ko yadda za a yi da yaro mai ƙiriniya, ka rarrabe masa: wannan an gwada an gani, wannan kuwa ra'ayina ne a matsayina na uba. Faɗin haka ba zai rage maka daraja ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tambayar da kake nema tana kwance a babi na uku da ka yi wa ƙaura. Ka tuna ɗakin tamowa da safe. An ɗaura wa yaro ma'aunin damtse ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5. An bi matakan nan goma na Hukumar Lafiya ta Duniya, an gyara sukarin jini, an ɗumama shi, an ba shi maganin ƙwayoyin cuta, an fara madara kaɗan-kaɗan, kumburi ya saɓe, nauyi ya fara hawa. Amma yaron na zaune a tsakiyar gado, ido a buɗe, ba ya bin kowa da kallo, ka miƙa masa makulli ba zai kai hannu ba. Uwar na gefe ta yi tagumi, ta gaji, tunaninta na kan waɗanda ta baro a gida. Mataki na tara a cikin goman nan shi ne wasa da yaro da kwantar masa da hankali. A tsawon aikina shi ne matakin da na ga an fi tsallakewa, domin ba a rubuta shi a takardar magani, babu kuma wanda za a tuhuma idan ba a yi ba. Sai a sallame su, mu rubuta ya warke. Ina yake bayan shekara biyu? Ya yi magana a kan kari? Da aka kai shi makarantar allo ko firamare, ya riƙe karatu?

A Kingston ta ƙasar Jamaika, wata likita, Sally Grantham-McGregor, ta zauna da irin wannan tambaya tsawon rayuwar aikinta. A 1986 zuwa 1987 ita da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 masu tsumburewa, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ke zuwa gidansu sa'a ɗaya duk mako har shekara biyu, da kayan wasan da aka haɗa da robobi da tsummoki, tana nuna wa uwa yadda za ta yi hira da ɗanta, ta ambata masa sunayen abubuwa, ta yaba masa idan ya yi daidai. Wasu sun sami duka biyun, wasu kulawar asibiti kawai. Ba su rufe fayil ba da aka buga sakamakon farko. Sun ci gaba da bin yaran har suka girma. Amfanin madarar ya dushe da tafiyar shekaru, na wasan ya zauna. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Ka gaya mini, wannan binciken likitanci ne, na ilimi, ko na tarbiyya?

To ga shawarata. Ka gama kundinka tukuna, domin sai da shi za ka sami kujerar da za ka yi sauran a kanta. Sannan ka riƙe yaran nan da aka sallama, ko da ɗari ne, ka bi su gida. Lambar waya ba za ta ishe ka ba, layuka na mutuwa, mutane na tashi, sai ka san mai unguwa da ungozomar kowane lungu. Ka sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ka kuma nemi yardar maigida da ta kaka, don in ba su yarda ba ƙofa ba za ta buɗu ba ko uwa na so. Ka nemi nas ɗaya mai haƙuri da za ta daɗe tare da kai, ka sa sunanta a kan duk abin da za ku buga. Ka taka zuwa tsangayar ilimi ka nemo wanda ya san yadda ake auna fahimtar yaro da Hausa, ka zauna gabansa a matsayin ɗalibi. Ɗaliban likitancin da kake son sanin yadda suke koyo, ka riƙa tafiya da su biyu-biyu, su cire takalmi su zauna a tabarma su ga tukunyar da abincin yaron ke fitowa daga ciki. Abin da za ka gano game da koyonsu a wannan tafiya zai fi abin da takardar tambayoyi ta ba ka. Shirin rediyon kuwa kada ka bari, amma nan da 'yan shekaru za ka riƙa faɗin abin da idonka ya gani a gidajenmu.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi yi mini nauyin faɗa. Babu wanda ya kawo mini ƙararka, maiɗakinka ba ta taɓa buɗe baki ba. Da idona na gani da kuka zo gaisuwar Sallah. Ƙaramar 'yarka ta zo da wata takarda da ta yi zane a kai, ta tsaya jikin gwiwarka tana cewa Abba duba, kai kuma kana amsa saƙo. Ka ce mata sai an jima ba tare da ka ɗago ba. Ta ƙara tsayawa kaɗan, sannan ta ninke takardar ta kai wa kakarta. Na san kwanan asibiti, na san yadda mutum ke dawowa gida babu sauran magana a bakinsa. Amma sa'a ɗaya a mako ce ta canza rayuwar yaran Kingston, kai kuma kana da fiye da haka idan ka ajiye biyu daga cikin ayyukan nan. Yarinyar tana shekarun da kai da kanka kake gaya wa mutane a rediyo cewa ba sa dawowa.

Ka koma wurin shugaban sashenku ka ba shi haƙuri a kan yadda ka fita daga ofishinsa, ka nuna masa tsarin nan, ina kyautata zaton zai karɓa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu ka zo bayan la'asar da babi na uku, da jerin unguwannin da yaran ɗakin tamowa suka fito, ban da sunayensu, mu ga ta inda ya fi sauƙin farawa. Ka taho da yaran, kakarsu na cigiyarsu. Ka gaishe mini da mahaifinka idan kun yi waya.

Allah ya yi maka albarka.

Baffanka